Na Kai Maganin Ɓera Masar

Tun da na dawo daga Masar ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci a tambaye ni, a teburin mai shayi a tambaye ni, ranar Juma'a a kasuwa mutanen Utai da Achika da ko sunana ba su sani ba sai su tsaya su ce, "Baba mai maganin ɓera, yaya Masar?" Abin haushin shi ne labarin ya riga ni isowa gida, kuma a karkace ya iso. Abokina Buba na Indabo yana ba da shi a majalisa cewa wai 'yan sandan Masar sun ɗaure ni saboda na kashe ɓerayen gwamnati. Ban kashe ɓera ko ɗaya a ƙasar mutane ba. Sai dai abin da ya faru na gaskiya bai fi na Buba kyau sosai ba, don haka gara in faɗa da bakina. Karatuna bai yi nisa ba, mai karatu ya yi haƙuri da rubutun.

Sunana Sale. Maganin ɓera nake sayarwa a kasuwar Wudil tun gemuna yana baƙi. Ina da 'ya mai sunan mahaifiyata, shi ya sa nake ce mata Ummi. Ta samu ƙarin karatu a Alƙahira, ta tafi tare da mijinta Malam Nuhu, shi yana karatun Larabci. Abin da na sani game da nata karatun shi ne na ƙwaƙwalwa ne, yadda take tsufa da abin da ke kawo gigin tsufa.

Wannan ciwo kuwa yana gidanmu. Wana, Yaya Idi, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kama. Ya fara da neman hular da ke kansa, muna dariya. Daga baya ya fita masallaci aka tsince shi a tasha yana tambayar hanyar gidansa, dariya ta ƙare. Tun daga nan yana ɗaki, matarsa Asabe tana fama. Da Ummi ta aiko cewa in je a cire mini yanar da ta rufe idona na dama, sai na tafi zauren Yaya, na sa aka kira Asabe, na ce mata, "Ki kwantar da hankalinki. Da maganin Yaya zan dawo." Ban tambayi Ummi ko akwai maganin ba. A tunanina wanda ke karatun ciwo ai maganin yana aljihunsa.

Ana saura kwanaki in tashi muka yi waya da Ummi, na ji muryarta a gajiye.

"Lafiya kuwa, Ummi?"

"Lafiya lau, Baba. Ɓeraye ne suka hana ni hutawa a wurin aiki."

"Suna da yawa ne?"

"Ɗaki guda cike."

"Kuma ba a ba su magani?"

"Ana ba su. Ni ce ma nake ba su."

"Suna mutuwa kuwa?"

"Ba sa mutuwa, Baba, alhamdulillahi."

Nan wayar ta katse. Na zauna ina jinjina haƙurin yarinyar nan, ɓera ya ƙi mutuwa amma tana godiya ga Allah. Na kuma gane cewa maganin Masar jabu ne. Sai na haɗa nawa mai ƙarfi, wanda nake ajiye wa masu rumbun hatsi, na cika gwangwanin madara, na ɗaure da leda, na cusa cikin takalmi a can ƙasan jaka. A sama na jera tsarabar da matan gida suka haɗa: kuka, yaji, busasshiyar kuɓewa da daddawa.

Daga Wudil zuwa Kano babu abin faɗa, ban da cewa direban ya san ni, kuma tun daga gada har Mariri yana ba ni labarin gafiyar da ta ci masa lasin. A jirgi Allah ya haɗa ni kujera da wata Hajiya 'yar kasuwa mai sarin dogayen riguna, wadda Masar ta zama mata kamar Kantin Kwari. Ita ta ɗaura mini bel. Da jirgin ya ɗaga kai na kama hannun kujera ina salati da ƙarfi, sai ta ce, "Baba, rage murya, kada matuƙin ya ɗauka ka san wani abu da bai sani ba." Da aka kawo abinci na buɗe wata 'yar takarda mai ƙamshi da danshi, na fara neman inda ake gutsura. Ta ce ta goge hannu ce. Na ce ai na sani, ina duba ingancinta ne.

A filin jirgin Alƙahira aka buga mini fasfo babu gardama. Wurin kwastan ne aka tsayar da ni. Wani ma'aikaci mai gashin baki kamar tsintsiya ya buɗe jakata, ya ɗaga ƙullin kuka, ya dubi garin nan kore, ya dube ni. Na ce, "Kuka." Ya yi magana mai tsawo. Hajiya ta leƙo daga bayana ta ce, "Cewa yake in abinci ne ka ci ya gani." Na lasa. Ya ɗaga yaji, na lasa, na yi atishawa, ya ja da baya. Ya ɗaga kuɓewa, na tauna. A nan ne lissafi ya zo mini: mutumin nan daga sama yake bi zuwa ƙasa, kuma duk abin da ya ɗaga sai na ci. Ni kuwa na san abin da ke ƙasa. Gumi ya fara bin bayana cikin sanyin wurin nan.

Sai ya kwance ƙullin daddawa. Allah ya yi wa wadda ta yi daddawar nan albarka. Mutumin ya toshe hanci, na kusa da shi ya bar teburinsa, ya tura mini jakar da gefen hannu yana nuna ƙofa. An ce in ɓera na da sata daddawa ma na da wari, amma ban taɓa sanin warin zai ceci mai maganin ɓera ba.

Ummi da Malam Nuhu suna jira a waje. Malam Nuhu ya durƙusa a tsakiyar mutane ya gaishe ni, Larabawa suna kewaye shi da akwatuna suna kallo, sun ɗauka wani abu ya faɗi yana nema.

Gidansu yana can sama a wani dogon bene. Ana hawa cikin wani akwatin ƙarfe mai ƙugi, wanda in ya tsaya sai ya ɗan yi tunani kafin ya buɗe. Ɗaki biyu ne da ɗan falo, babu zaure, babu tsakar gida. A Wudil suruki yana da hanyarsa, kai kana da taka. A can kuwa hanya ɗaya ce, siririya, daga ɗaki zuwa banɗaki, kuma duk sanda muka haɗu a cikinta sai Malam Nuhu ya durƙusa, ni kuma in rasa ta inda zan wuce. Ba ya cin abinci a gabana. Na tarar da shi sau ɗaya a tsaye a bayan ƙofar kicin da faranti, ya ɓoye shi a bayansa kamar na kama shi da kayan sata.

Abincinsu wake ne. Da safe wake, an dafa shi ya narke, an zuba mai da lemon tsami, a dangwala da gurasa. Gurasar tasu 'yar uwar ta Kano ce, sai dai tasu kullum ake ci, kamar tuwo. Akwai wani da suke haɗa shinkafa da taliya da ƙananan wake da soyayyiyar albasa a kwano ɗaya, kamar an share ƙasan tukwanen gidan biki. Na ci, kuma na nemi ƙari. Ranar da aka kawo wata koriyar miya mai yauƙi ana ta yabonta, na ɗanɗana na ce, "Ummi, wannan ai lalo ne." Ta ce shi ne. Abin da ke fitowa a bayan gidanmu ba wanda ya shuka, a can sai an yi baƙo na musamman.

Matansu ba sa sauka sayen kaya. Kwando suke zurarowa da igiya ta taga, mai kanti ya sa gurasa, su ja kamar guga. Mazansu kuma in sun haɗu sai su sumbaci juna a kumatu, amma gaisuwar baki ba ta wuce kalma biyu. Na gwada gaishe da mai gadin benen yadda ya kamata, Malam Nuhu yana fassarawa: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aiki, yaya sanyi. Kafin in kai ga yaya haƙuri mutumin ya tambayi Malam Nuhu ko an yi masa rasuwa ne bai sani ba. Wata rana na sauka ni kaɗai sayen gurasa, na haɗa wa mai kantin Larabcin da na tsinta a makarantar zaure. Ya saurara har na gama, ya ɗaga hannu sama ya shafa, ya ƙara mini gurasa ɗaya kyauta. Ya ɗauka addu'a na yi masa.

Kyanwa kuwa ta fi akuyar Wudil yawa. A kan mota, a ƙofar masallaci, a ƙarƙashin kujerar mai shayi. Na yi mamakin yadda ɓera ya cika ɗaki guda a irin wannan gari. Na ce lallai ɓerayen wurin aikin Ummi tantirai ne.

Aikin ido ya yi kyau. Da aka cire audugar na ga duniya tas kamar an wanke. Abin da na fara gani sosai shi ne fuskata a madubi, kuma ban gode wa likitan a kan wannan ba.

Da na warware sai Ummi ta ce malaminta yana son mu gaisa. Na ce ga ranar da nake jira. Ban nuna mata gwangwanin ba tun zuwana, don so nake in miƙa shi hannu da hannu ga malamin nata, in ɗaga darajarta a wurin aiki. Na sa babbar riga, na zura shi a aljihu. Bayan wannan, na ce a raina, sai in nemi maganin Yaya, tun da alheri na gaba.

Farfesan dattijo ne mai sanƙo da fara'a. Ya sumbace ni a kumatu biyu kafin in kare kaina. Aka kawo shayi mai sukari kamar zuma. Ummi ta fita ɗauko mana rigunan shiga ɗakin aiki, aka bar ni da shi da Malam Nuhu a matsayin tafinta. Na fito da gwangwanin na ajiye a tebur.

"Malam Nuhu, ka faɗa masa na ji matsalarsu ta ɓeraye. Ga magani na kawo daga gida."

Malam Nuhu ya dubi gwangwanin, ya dube ni, fuskarsa ta canza. Shi ya san aikin matarsa, ya kuma san sana'ata. Amma ta yaya suruki zai ce wa uban matarsa ya yi kuskure, a gaban baƙo? Ya sunkuyar da kai ya yi magana a hankali. Na ji ya ce "dawa".

"A'a, ba da dawa nake haɗawa ba, da garin kifi ne."

"Baba, dawa a Larabci shi ne magani."

"To madalla, ci gaba."

Da magani da guba a Larabci kalma biyu ce daban, wannan daga baya na sani. Mu a nan maganin ɓera da maganin zazzaɓi duk magani ne. Malam Nuhu ya ɗauki kalmata yadda na ba shi, ya miƙa ta yadda take, ya bar wa Allah sauran.

Farfesa ya gyara zama, ya jawo kujera kusa da ni. Ya yi tambaya.

"Yana cewa, Baba, ka daɗe kana ba ɓeraye wannan magani?"

"Tun kafin a haifi Ummi."

"Yana cewa wane ciwo yake warkarwa?"

"Kowane iri. Ɓeran da ya ci ba ya sake ciwo."

Malam Nuhu ya share gumi ya fassara. Farfesa ya ɗaga gira.

"Yana cewa, to tsufa fa?"

"Ka faɗa masa ɓeran da ya ci maganina ba ya tsufa."

"Baba..."

"Faɗa masa mana."

Ya faɗa. Farfesa ya cire tabarau.

"Yana tambaya ko suna ɓata hanya, ko su manta wuri."

"Ina. Inda ya ci nan yake zama. In ya yi nisa, bakin rami."

Farfesa ya jawo gwangwanin yana kwance ledar cikin ladabi, kamar wanda aka kawo wa turare. Ya ɗaga murfi ke nan Ummi ta shigo da riguna a hannu. Yarinyar da ta tashi ana korarta daga irin wannan gwangwani ba ta bukatar bayani. Ta zubar da rigunan, ta ce, "Baba!" sannan ta faɗa wa malaminta kalma ɗaya da Larabci.

Ya mayar da murfin a hankali. Ya dube ni, ya dubi Malam Nuhu da ya kusa shigewa ƙarƙashin tebur. Na ga leɓensa yana motsi, yana maimaita amsoshina ɗaya bayan ɗaya. Sai dariya ta kama shi, har ya kifa sanƙonsa a kan tebur. Ya tashi ya wanke hannu yana dariya, ya kira wani ya zo da safar hannu ya ɗauke gwangwanin, ban sake ganinsa ba. Ya ce ta bakin Ummi bai taɓa jin mai magani da ya faɗi gaskiya tsantsa kamar ni ba.

A nan Ummi ta yi mini bayani, tana magana ƙasa-ƙasa. Ɓerayen nan kiwonsu ake yi. Su ne karatun nata. Ɓera yana tsufa cikin kamar shekara biyu, don haka abin da za a jira shekara saba'in a gani a kan mutum, a kansa ana gani da wuri. Tsofaffin cikinsu tun zuwanta take renonsu. Da gwangwanina ya kai gare su, da karatunta ya koma farko. Na ce, "To me ya hana ki faɗa mini?" Ta ce, "Na faɗa, Baba. Kai ne ka ji da kunnen kasuwa."

Duk da haka suka shigar da ni, bayan an caje aljihuna. Aka sa mini riga, da hular leda, da takunkumi, har takalmina aka sa wa riga. Ni da ɓera ke gudu in ya ji takuna, yau ni ake rufewa don kada in sa masa ciwo. Ga su nan cikin keji a jere, farare da baƙaƙe, ɗaki mai sanyi, abinci a kan lokaci, ruwa a kwalba, kowanne da lambarsa. Na tsaya a gaban wani mai furfura a baki, ya dube ni ido cikin ido yana tauna. Ban taɓa ganin ɓeran da bai san ni ba sai ranar.

Ummi ta kai ni gaban wani madubi mai ƙara girman abu. Ta ce idan lokaci ya yi sukan cire ƙwaƙwalwar ɓera su yanka ta siriri, fiye da fatar albasa. Na ce kilishin ƙwaƙwalwa ke nan. Ta ce in ji da kallo. Na kafa sabon idona, sai ga wasu abubuwa kamar saiwar bishiya, kore shar, da ɗigo-ɗigon ja a tsakaninsu. Ta ce masu kama da saiwa ƙwayoyin jijiya ne, su ke miƙa wa juna saƙo. A cikinsu akwai sinadarai da ake kira furotin, iri-iri. Wani yana raguwa in jijiya ta fara lalacewa, wani kuma taruwa yake kamar shara a kwata har ya toshe hanya. Suna da rini wanda kowanne irin furotin ɗaya yake kamawa, kamar yadda ake shafa wa sa fenti a kasuwar shanu don a san an saya. Ta sa mini na ƙaramin ɓera, saiwa cunkus. Ta sa na tsoho, saiwar ta zama jefi-jefi, jan ya yi yawa. Na ce ta duba nawa kan. Ta ce, "Sai an yanka, Baba." Na ce a bar shi yadda yake.

Daga nan muka je wani ɗaki mai babban baho cike da ruwa fari kamar an dama nono. A ƙarƙashin ruwan akwai ɗan tudu da ba a gani, kuma an riga an koya wa ɓerayen inda yake. Ta saki ƙarami, ya yi iyo kai tsaye ya haye ya zauna yana gyara gashin baki. Ta saki tsoho. Ya nufi gabas, ya juyo, ya bi gefen bahon yana zagayawa, ya wuce tudun da ɗan kaɗan bai sani ba, ya sake zagayawa. Ummi ta sa hannu ta ɗauke shi ta ɗora shi a kan tudun, ta goge shi da tawul. Da farko ina dariya. Ban san sanda na daina ba. Mutumin tasha ne ya faɗo mini, mai tambayar hanyar gidansa.

A hanyar komawa gida na ce, "To Ummi, maganin da kike ba su, ki ɗibar wa Yaya."

"Babu maganin Yaya a nan, Baba."

"Ba da bakinki kika ce kina ba su magani ba?"

"Gwaji ne. Ba mu san ko yana aiki ba, shi ya sa muke duba alamomin nan. Ko ya yi wa ɓera, tsakaninsa da mutum akwai tafiya mai nisa."

"Ki ɗan tsiyaya mini a kwalba. Ɓera ba zai kai ƙara ba."

"Baba, kai ka fi kowa sanin abin da ɗan gari kaɗan yake yi wa mai rai."

"Wato ɓera ya fi wan ubanki."

Malam Nuhu ya juya yana kallon taga kamar bai taɓa ganin mota ba. Na yi fushi, washegari na ƙi cin waken safe, wanda a Masar daidai yake da ƙin cin abinci gaba ɗaya. Da rana Ummi ta shigo da shayi ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata. Ta ce a kai Yaya asibiti a Kano, akwai abin da likitoci kan bayar ya ɗan sassauta, amma kada in yi wa kowa alkawarin warkewa, don har yanzu babu mai shi. Ta ce abin da masu irin aikinsu suka daɗe da lura shi ne ɓeran da aka ware shi kaɗai ya fi saurin dusashewa a kan wanda ke cikin 'yan uwa, da abin hawa da abin wasa.

"Kana shiga wurin Yaya, Baba?"

"Kullum ina zuwa gidan."

"Ɗakin nake nufi."

Na ce shayin ya yi sukari da yawa. Gaskiyar ita ce tun ranar da ya dube ni ya ce wane ne wannan, a zaure nake tsayawa in tambayi Asabe jikinsa in juya.

A jirgin dawowa na sake haɗuwa da Hajiya, da jakunkuna kamar za ta yi ƙaura. Na ba ta labari, ta yi dariya har ma'aikaciyar jirgi ta kawo mata ruwa. Sannan ta ce, "Abu mai sauƙi, Baba. Ga man habbatussauda na saro, kwalbar da rubutun Larabci. Ka ce shi ne. Wa zai karanta?" Na karɓi kwalba ɗaya. Tun daga Kano har gadar Wudil ina juya ta a aljihu, ina gwada maganar da zan faɗa.

Washegari da hantsi na je gidan Yaya. Asabe ta fito zaure, muka gaisa, ta yi mini barka da ido. Hannuna yana kan kwalbar. Sai na ji bakina ya ce, "Asabe, ban samo ba. Babu shi. Ni ne na yi saurin baki." Na miƙa mata kwalbar na ce wannan na shafawa ne a gwiwa.

"Na sani," in ji ta. "Ummi ta kira ni tun kana can. Ina jira ne in ji me za ka ce. Har da na gwangwanin ta faɗa mini."

"Wannan ƙari aka yi."

"Shiga, yana farke."

Yana zaune a bakin gado da carbi a hannu, ya rame, amma hularsa a karkace yadda ya saba sa ta. Na yi sallama, ya amsa da fara'a, ya nuna mini tabarma kamar yadda ake yi wa baƙo.

"Daga ina, Malam?"

"Daga Masar, Yaya."

"Masar ta Fir'auna? Ka same shi lafiya?"

"Ya rasu, Yaya."

"Allah Sarki. Ba a faɗa mini ba."

Na ba shi labarin wake da kwandon taga, da mai gashin baki da daddawa. Ya yi dariya irin tasa ta da, mai girgiza kafaɗa. Da na kai kan ɓerayen da ake goge wa jiki da tawul sai ya kama hannuna.

"Ina da ƙane mai maganin ɓera. Sale. Shi ya kamata ya ji wannan."

"Ni ne Sale, Yaya."

Ya dube ni da kyau, ya girgiza kai cikin tausayi.

"A'a. Sale yaro ne. Kuma shi ba ya zuwa. In ka gan shi a kasuwa ka ce ina nemansa."

"Zan faɗa masa. Gobe da hantsi zai zo."

"Kada ka ɗaukar masa alkawari, Malam," in ji Yaya. "Ba ka san shi ba. Kai dai ka dawo."